Ina kuɗin tikitin kasuwa ke tafiya, kuma gyaran famfon unguwa a wuyan wa yake?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan tireda ne a wani ƙaramin gari a yankin Mayo-Luti da ke arewacin Kamaru. Kowace ranar kasuwa yaran meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, suna zuwa su yanka mana tikiti, muna biya ba gardama. Amma famfon foraj, wato rijiyar burtsatse, na unguwarmu ya lalace tun bayan girbi, mata da yara sun koma tonon rairayi a mayo, wato busasshen rafi. Mun je meri, an ce mana babu kuɗi, alhali ga sabon ajin makaranta ana ginawa a idonmu. Ina kuɗinmu ke tafiya? Kuma gyaran famfon nan namu ne ko na meri?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce a haɗe, ta kuɗi da ta alhaki, kuma ba a warware ɗaya sai an taɓo ɗaya. A taƙaice, famfon yana ƙarƙashin kulawar komin, wato ƙaramar hukumarku, babban gyaransa nata ne, ƙananan gyare-gyare kuma na masu shan ruwan ne. Kuɗin da ake gina aji da shi ba daga aljihun da za a gyara famfo ya fito ba. Kuma idan an ce maka "babu kuɗi" a meri, sau da yawa abin da ake nufi shi ne babu wanda ya rubuta gyaran famfo a cikin kasafin bana. Wannan na ƙarshe shi ne inda ku kuke da abin yi, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Kamaru tana da komin 360, kuma dokar da ke tafiyar da su yanzu ita ce ta ranar 24 ga Disamba 2019. Garin da mutanensa ba su kai 50,000 ba yana da kansiloli 25, wanda ya kai har 100,000 yana da 31, kuma su ne ke zaɓen mer, wato shugaban komin, da mataimakansa daga cikinsu. Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne mer ba ya riƙe kuɗi a hannunsa. Shi ke ba da umarnin kashewa, amma mai karɓa da biya wani jami'i ne daban, wato resebar, ma'ajin komin, wanda doka ta hana shi fitar da ko dala sai ya ga layin aikin a cikin kasafi da takardun shaida. Kasafin kansa majalisa ce ke amincewa da shi, sannan ya je wurin prefe, wakilin gwamnatin tsakiya a yankin, ya duba. Saboda haka ko mer ya tausaya muku har zuci, in babu layin gyaran ruwa, resebar ba zai biya ba.

Hanyoyi uku da kuɗi ke shigowa

Hanya ta farko ita ce wadda kake gani da idonka: tikitin kasuwa, hayar rumfuna, kuɗin mahauta, kuɗin tasha, harajin dabbobi, tarar dabbar da aka kama tana yawo, tambur na takardu, da izinin gini. Mu yi lissafi da misali don ka ga girmanta. A ce masu kasa kaya 500 ne ke biyan sefa 100 kowace ranar kasuwa, kasuwar kuma tana ci sau ɗaya a mako. Sefa 50,000 ke nan a mako, miliyan 2 da dubu 600 a shekara, idan ko sisi bai zube a hanya ba. Foraj guda mai famfon hannu, a farashin da aka saba gani a kwangilolin gwamnati, yana cin kusan miliyan 8. Ka ga tikitin shekara guda bai kai kashi ɗaya cikin uku na rijiya ɗaya ba. Garuruwan da ke da babbar kasuwar shanu, irin su Adumri a komin Bibemi ko Bogo a Diyamare, nasu lissafin daban ne, amma ƙaramin gari mai kasuwar hatsi da gwanjo ba ya rayuwa da tikiti.

Ƙanƙantarsa ba ta hana a bi sawunsa ba, don a nan ne yoyo ya fi yawa. Yadda ya kamata abin ya tafi shi ne resebar ya ajiye littattafan tikiti masu lamba a jere, ya ba kowane mai karɓa adadin da aka rubuta, shi kuma ya sa hannu, da yamma ya dawo da kuɗi da gindin tikitin da ya yanka da ragowar da bai sayar ba, a haɗa su su yi daidai. Inda ake ɓarna sanannu ne. Mai karɓa ya ce ka ba shi hamsin ya wuce ba tare da ya yanka maka komai ba, kai kana murna ka samu rangwame, alhali hamsin ɗin aljihunsa ta shiga. Ko ya karɓe tikitin da ya ba wata da safe ya sake sayar wa wani da rana. Ko a buga wani littafi a waje wanda resebar bai san da shi ba. Kai ɗan kasuwa maganin da ke hannunka shi ne kada ka biya sai an ba ka tikiti mai lamba da hatimin meri, ka rubuta kwanan wata a bayansa ka ajiye. Idan ƙungiyar 'yan kasuwa ta ƙirga masu rumfa da masu kasawa na makonni huɗu a jere, ta samu adadin da za ta gwada da abin da meri ta rubuta a matsayin kuɗin kasuwa.

Hanya ta biyu ita ce kason komin daga harajin ƙasa. Harajin da ake ɗorawa kan kayan saye a Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari. Asalinsa 17.5 ne, ƙarin 1.75 ɗin kuwa, wato ushirinsa, an ɗora shi ne da sunan komin-komin. Irin wannan ƙari yana kan harajin kamfanoni da na samun mutum. Ana tara shi, a raba ta hannun FEICOM, asusun tallafa wa komin-komin wanda aka kafa tun 1974, kuma yawan jama'a na daga ma'aunin rabon. Ga ƙananan garuruwa wannan kaso shi ne uwa da uba. Bayan wata uku-uku yake zuwa, sau da yawa a makare, kuma kafin ya sauka albashin ma'aikata da bashin mai da na wuta sun riga sun yi layi suna jiransa.

Hanya ta uku ita ce kuɗin ayyuka daga gwamnatin tsakiya. Tun 2019 ake ware wa kowace komin miliyan 100 a shekara don ayyukan raya ƙasa, ban da abin da ma'aikatu ke turowa na makarantu, asibitoci, hanyoyi da ruwa. Dokar 2019 ta ce kason da za a ba yankuna da komin kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, kodayake masu riƙe da meri sun daɗe suna kukan abin da ke isowa bai kai haka ba. Wannan kuɗi da sunan aiki yake zuwa: aji biyu a makaranta kaza, foraj a ƙauye kaza. Ajin da kake gani mai yiwuwa daga nan ya fito, kuma mer ɗin da ya ɗebi kuɗin aji ya gyara famfo ya jawo wa kansa tuhuma.

Akwai kuma ƙa'idar rabon kasafi. Aƙalla kashi 40 dole ya tafi ga sababbin ayyuka, gudanarwa kada ta wuce 60, albashi kuma kada ya wuce 35 na kuɗin gudanarwa. Ƙaramin gyara a ɓangaren gudanarwa yake faɗawa, inda kowa ke wawaso. A ganina babban aibun tsarin ke nan: sabon foraj yana da allo mai suna da bikin buɗewa, gyaran tsoho ba ya da ko ɗaya, shi ya sa za ka shiga ƙauye ka tarar da famfo uku, biyu matattu, ana kuma neman na huɗu.

Famfon na wa ne

Wata doka ta firaminista ta ranar 26 ga Fabrairu 2010 ta miƙa wa komin aikin rijiyoyi da foraj a wuraren da bututun ruwan gwamnati, wanda kamfanin ruwa na Camwater ke riƙe da shi yanzu, bai kai ba. Ginawa, kulawa da lissafin wuraren ruwa duk sun koma hannun meri. A aikace meri tana damƙa kowane famfo ga kwamitin masu amfani da shi, wanda zai tara kuɗi ya yi hidimar yau da kullum. Giris, noti, robobi, sarƙa, boris da ladan makanike na kwamiti ne. Sauya bututu gaba ɗaya, sabon silinda ko sabon kan famfo, wanke rijiya da injin iska, da sake ginin dandamali, waɗannan sun fi ƙarfin unguwa, na komin ne.

Kafin komai ku binciki shekarun famfon. Ɗan kwangila yakan miƙa aiki sau biyu, miƙawar wucin gadi da ta ƙarshe, tsakaninsu yawanci shekara guda, kuma ana riƙe masa har kashi 10 na kuɗinsa a wannan tsakani. Idan famfonku bai cika shekara da miƙawa ba, gyaran nasa ne, meri za ta rubuta masa, in ya ƙi a yi aikin da kuɗin da aka riƙe. Kada ku bari makanike ya kwance shi kafin a rubuta wannan takarda, don da zarar wani hannu ya taɓa, ɗan kwangila ya samu mafaka.

Gano ciwon kafin a nemi kuɗi

Ba ka faɗi irin famfon ba. A arewacin Kamaru iri biyu aka fi gani, India Mark II mai dogon hannu, da Vergnet wanda ake takawa da ƙafa.

India Mark II yana da silinda a can cikin ruwa, da bututu masu tsawon mita 3 kowane, an ɗaura su da juna har sama, da sandunan ƙarfe a cikinsu masu haɗa hannu da silinda ta hanyar sarƙa. Lafiyayyen famfo, idan aka buga shi cikakken bugu 40 cikin minti ɗaya, yana ba da lita 15 zuwa 16, wato ya kusa cika jarka mai lita 20. Idan abin da ya fito bai kai lita 10 ba, robobin silinda sun cinye. Gwaji na biyu shi ne a bar shi ya huta rabin awa sannan a buga. In ruwa bai zo cikin bugu biyar ba, yana zurarewa ƙasa, ko dai bawul ɗin gindi ba ya riƙewa, ko bututu ya huje, ko wata mahaɗa ta saki. Idan hannu ya yi sakayau kamar babu komai a ƙasa, sarƙa ce ta tsinke ko sanda ta kwance. Sarƙa ana ganinta da an buɗe murfin kai, aikin awa ɗaya ne. Idan hannu yana rawa hagu da dama yana ƙara, boris ne ya mutu, kuma barinsa haka yana cinye kan famfon kansa, gyaran 'yan dubbai ya koma na dubu ɗaruruwa.

Ruwan da ke fitowa ja da safe, mai ɗanɗanon ƙarfe, yana ɓata tuwo da farin kaya, alamar tsatsa ce. Wasu ruwayen ƙasa suna da tsami, suna cin bututun ƙarfe cikin shekara biyu ko uku. A irin wannan rijiya sauya bututu da irinsa asara ce, dole a koma ga ƙarfen da ba ya tsatsa ko bututun roba mai kauri da aka yi don wannan aiki. Ku sa makanike ya rubuta wannan a fili, don masu kwangila suna son kawo mai arha.

Vergnet ba shi da sanduna. Matakin ƙafa yana tura ruwa ta tiyo zuwa wata jakar roba a cikin silinda, tana kumbura tana motsewa, ita ke turo ruwan sama. Zobban fistin da zoben da ke riƙe mataki su ne ke yawan cinyewa, kuma a sama suke, mai kula da famfo zai iya sauya su da sifana ɗaya. Idan mataki ya ƙi dawowa sama, a fara da ƙara ruwa a bututun turawa. In an yi haka bai tashi ba, to mai yiwuwa jakar ce ta fashe, ita kuwa tana da tsada.

Akwai ciwon da ba na famfo ba ne. A ƙasar duwatsu irin ta Gidar, Kaele da Mokolo, ruwa a tsagar dutse yake, kuma daga Maris zuwa Mayu yana ja da baya. Famfon da ke ba da ruwa da asuba ya yanke da hantsi, ya dawo bayan an bar shi, lafiyarsa lau, ruwan ne ya sauka ƙasa da silinda. Wani lokaci ƙara bututu ɗaya ko biyu yana magance shi, in rijiyar tana da sauran zurfi. Tunda naku ya tsaya tun bayan girbi, lokacin da ƙasa ke ƙoshe da ruwa, na fi zaton ciwon ƙarfe ne.

Abu ɗaya nake roƙonku: kada samarin unguwa su ciro bututun India Mark II da kansu. Bututu goma cike da ruwa nauyi ne na gaske, ana buƙatar matsi mai riƙe bututu, manyan sifanu da mutum huɗu aƙalla tare da wanda ya san aikin. In ya kuɓuce ya faɗa rijiya, kamo shi yakan fi gyaran tsada, wani lokaci a rasa rijiyar ɗungurungum. Bayan an mayar da komai kuma a zuba ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya kwana, a buga har warin ya fita kafin a sha.

Asusun unguwa

Famfon da ba a biyan ko dala a bakinsa ranar mutuwarsa kawai ake jira. Wasu unguwanni suna karɓa a kan jarka, wasu a kan gida duk wata. Na jarka ya fi adalci inda akwai 'yan garuwa da masu shayar da dabbobi, amma yana buƙatar mai zama a bakin famfo wanda za a ba shi kaso. Na wata ya fi sauƙi a ƙaramar unguwa. Misali gida 60 a kan sefa 500 ya ba da 30,000 a wata, 360,000 a shekara, wanda ya isa giris, robobi, ladan makanike, har a yi ajiya.

Abin da ke kashe kwamitoci ba wuya a lissafa shi. Kuɗi yana zaune a gidan shugaba, wani ya zo da larurar suna ko jinya a ranta masa, kunya ta hana a tambaya. Gidajen manya ba sa biya, sai na ƙasa su ma su daina. Ko kuma a bar karɓa saboda famfo yana aiki lafiya, sai ranar da ya tsaya a fara bi gida-gida. Ku raba aiki: mai littafi daban, mai ajiya daban, kuɗin ya kwana a asusun wata ƙaramar ma'ajiya da ba a cirewa sai da sa hannun mutum biyu. Ku sa mata a ciki, musamman a ajiya, don su ne ke fara jin canjin famfo a hannunsu. Jauro ko lawan ya zama uban kwamiti mai sasanta rigima, amma kada a ɗora masa riƙon kuɗi, don babu mai iya tsayawa gabansa ya nemi lissafi. A karanta abin da ya shiga da abin da ya fita duk wata uku a bainar jama'a. Gidajen marayu da tsofaffi a yafe musu a fili, a rubuta sunayensu.

Yadda za ku shiga kasafi

Zuwa meri da baki ba ya barin sawu. Ku fara da kiran makaniken famfo da meri ta sani, ya duba, ya rubuta abin da ya lalace da ƙiyasin kuɗi dalla-dalla. Ku rubuta wa mer takarda da sunan kwamiti, ku manna tambur, ku haɗa da ƙiyasin, da adadin gidajen da ke shan ruwan, da abin da kuka tara. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Ku kai kwafi ga suprefe, wakilin gwamnati a gundumarku, da kuma wakilin ma'aikatar ruwa da makamashi na yankinku, don shi ne mai duba ingancin irin wannan aiki. Takardar da ta ce "mun tara 120,000, muna neman cikon 300,000" tana tafiya da sauri fiye da wadda ta ce a taimaka mana.

Aikin da bai kai miliyan 5 ba ba ya buƙatar tallar kwangila, takardar oda ta mer ta isa. In akwai layin kula da wuraren ruwa a kasafin bana, ana iya yin gyaran cikin makonni. In babu, majalisa tana zama duk wata uku, kuma tana iya amincewa a matso da kuɗi daga wani layi. Wannan aikin kansilanku ne, ku je masa da takardar a hannu. Kasafin baɗi kuwa a ƙarshen shekara ake zartar da shi, don haka buƙata ta shiga tun Satumba ko Oktoba. Ku tabbatar kuma famfonku yana cikin kundin tsarin raya komin, wanda shirin gwamnati na raya ƙasa mai suna PNDP ya taimaka wa garuruwa da yawa suka rubuta, don daga cikinsa ake zaɓo ayyuka.

Dokar 2019 ta ba duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta damar neman ganin kasafi, da lissafin ƙarshen shekara, da bayanan zaman majalisa, har ya ɗauki kwafi da kuɗinsa. Zaman majalisa ma a buɗe yake ga jama'a. Lissafin ƙarshen shekara ya fi kasafi amfani gare ku, don kasafi niyya ce, shi kuwa yana nuna abin da aka karɓa da abin da aka kashe. Ku duba layi biyu: kuɗin kasuwa da aka rubuta an tara, da kuɗin kula da ruwa da aka rubuta an kashe. Daga nesa ba zan iya ce maka mer ɗinku yana da gaskiya ko ba shi da ita ba, waɗannan layuka biyu ne za su nuna. In an rubuta an kashe kuɗin gyaran famfuna, ku nemi a faɗa muku waɗanne famfuna ne, ku je ku gani.

Idan kun samu kunnen majalisa, kada ku tsaya kan famfonku kaɗai. Ku nemi meri ta ƙirga duk wuraren ruwan garin da irin famfon kowane da zurfinsa, ta ƙulla yarjejeniya da makanike ɗaya ko biyu masu zagayawa duk wata uku a kan farashi sananne, ta kuma ajiye robobi, sarƙa, boris da zobba a gari, don kada a riƙa tafiya Garwa ko Marwa saboda roba guda. Doka ta yarda komin-komin na yanki ɗaya su haɗa ƙungiya, kuma rumbun kayan gyara na haɗin gwiwa yana daga abubuwan da irin wannan ƙungiya ta fi dacewa da su.

Kafin a gyara, ruwan da ake tonowa a mayo kada a sha shi haka, ko da ya yi garau a ido. A tace shi da tsumma mai tsabta, a tafasa, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa yadda aka rubuta a jikin fakitinta, a jira rabin awa. Ramin shan mutane a tona shi sama da inda dabbobi ke sha da inda ake wanki. Da ruwan sama ya fara sauka haɗarin amai da gudawa yana ƙaruwa, saboda haka ku rubuta wannan a takardarku, ku kuma kai kwafi ga shugaban asibitin garinku ya sa hannu a kai kafin ku miƙa ta meri.